Lalon Gefen Kwari

Tun da Maniru ya sayo tankin feshi a kasuwar Dutsin-Ma, gonarsu ta Tamawa ta zama fes, ko tsinken ciyawa babu. Dawa ta yi kyau har sai da aka gina rumbu na biyu. Mahaifiyarsa Yahanasu ba ta raina wannan ba, don ta ga shekarun da hatsi ke ƙarewa tun kafin ruwa ya sauka. Damuwarta ɗaya ce: maganin feshin nan bai bambance ciyawa da kayan miya ba. Lalo, tafasa, gasaya, duk abin da ke fitowa da kansa tsakanin shuka, wanda take tsinka tun tana amarya ta shanya saboda rani, ya bi ciyawa ya tafi. Gidan ya koma safe kuka, dare kuka.

Bana, da aka yi ruwan shuka, ta tare shi a zaure, ga tanki goye a bayansa.

"Gefen kwarin nan ka bar mani shi. Kada maganinka shi taɓa wurin."

"Inna, wa za ya nome? Ga ki da ciwon gwiwa."

"Gwiwar taka ce?"

Ya yi dariya ya ce to. Sai dai ya ƙara maganar da ta tsaya mata a rai: "Ni dai ina jin irin ya mutu cikin ƙasa. In bai hito ba, baɗi da wurin zan haɗa in feshe."

Ta shiga gefen kwarin da 'yar fartanyarta. Noman nata ma abin kallo ne, kowane tsiro sai ta durƙusa ta ƙare masa kallo kafin ta yanke masa hukunci. Harƙiya ta fito, ƙarangiya ta fito, marasa kunya, ba wanda ya gayyace su. Lalo shiru. Tsoro ya fara kama ta da gaske, ko yaron nan ya yi gaskiya.

Wata safiya bayan ruwa, a gindin kunya ta ƙarshe, ta hangi ganye mai baki kamar zarto. Ta ƙara dubawa, ga wasu 'yan tsiraru kusa da shi. Nan ta zauna daɓas a jiƙaƙƙiyar ƙasa tana hamdala, daɗi ya cika ta.

Da lalon ya yi tsawo, Maniru ya leƙo daga cikin dawarsa, ya tsuguna yana shafa ganyen.

"Ashe shina nan! To Inna, yau dai a kaɗa mana, wallahi na yi marmari."

Ta buge masa hannu.

"Ɗan wannan za ka ci? Bana ko ni ba ni taɓa shi. Sai ya yi 'ya'ya, ya zubar da iri."

"Duk wahalar ga, ko loma guda?"

"Ko guda. Tashi ka saro mani ƙaya mu kewaye shi, awakin mutane na nan tahe."

Ya tashi yana gunaguni, ya tafi neman gatari.