Layukan da Malama Damaris Ta Ƙirga

Ranar Talata da hantsi, Malama Damaris na ɗakin malamai tana duba littattafan 'yan aji biyar, sai wayarta ta yi ƙara. Dokta Zakariyya'u ne, malamin da ke kula da kundin bincikenta na digiri na biyu, wato Mastas. Shekara bakwai ke nan tana wannan karatu, tana haɗa shi da koyar da Turanci a wata sakandare da ke Kamazou, kuma bana ce shekara ta ƙarshe da dokar jami'a ta ba ta. Tun wata biyu da suka wuce aka tura kundin ga wani farfesa na wata jami'ar daban. Sa hannunsa kaɗai ake jira.

"Malama, kina zaune?" in ji Dokta bayan sun gaisa.

"Ina zaune, ranka ya daɗe."

"Rahoton Farfesa ya iso. Ya yaba tunanin da ke cikin aikin. Amma ya ce ya zaɓi wurare ashirin daga maganganun da kika ciro a wasannin nan, ya shiga rumbun intanet ɗin da kika ce daga can kika samo su, ya bi lambar layin da kika rubuta. Ko ɗaya bai tarar a wurin ba. Ya rubuta cewa ko dai ba ki iya nuna madogara ba, ko kuma ƙirƙirar maganganun kika yi."

"Ƙirƙira? Ni, Dokta?"

"Na san ki, Malama. Da laifina a ciki, ban taɓa bin lambobin na gani ba. Kwamiti zai zauna ran Juma'a ƙarfe goma sha biyu. In kin kawo shi a gyare kafin nan, zan tsaya miki. Guda nawa ne duka?"

Ba sai ta duba ba. "Ɗari biyu da goma sha huɗu."

Ta ji yana juya takardun rahoton. Can ya ce, "To, Allah ya taimaka."

Aikin nata a kan wasu tsofaffin wasannin kwaikwayo shida ne na ƙasar Ingila, waɗanda aka rubuta shekara ɗari huɗu da suka wuce. Ba sarakunan ciki ne suka dame ta ba. 'Yan aiki mata ta bi, masu shigowa da tire su faɗi magana biyu su fice. Ta tattara duk abin da suka faɗa, ta zauna da shi shekara da shekaru har ta san muryar kowacce. Wasannin kuwa suna cikin wani rumbu da masana suka buɗe a intanet, kowa na iya shiga kyauta. Sai dai ita ba ta taɓa shiga da hannunta ba. Wayarta ƙarama ce a lokacin, idonta kuma ba ya jure hasken gilashi. Ta rubuta sunayen wasannin a takarda ta kai wa Vicky, ƙawarta ta zumuntar matan coci, mai shagon buga takardu a Unguwar Boro. Vicky ta fitar mata da su a takarda, manyan haruffa, gwanin daɗin karantawa.

Da aka ce mata kowace magana sai an sa lambar layinta, ba ta ga abin wahala ba. Ta sayi fensir, ta zauna a teburin cin abinci, ta ƙirga layukan da kanta, tana sa alama a kowane na biyar. Wata uku ta yi tana yi. A coci, in fasto ya kira sura da aya, mai babban littafi da mai ƙarami, mai sabo da mai wanda bangonsa ya yage, duk wuri guda suke buɗewa. Haka ta ɗauka layukan wasa ma suke.

Ana tashi daga makaranta ta biya gida ta kwaso takardun a babbar jaka. Ta tarar da mijinta Ayuba ya dawo daga wurin waldarsa na Gonin Gora cin abinci, yana wanke hannu a bakin famfo.

"A'a, Mastas da kanta! Tela ya ce ɗinkin da za mu sa ranar godiya a coci ya kusa. Na ce masa ya ƙara wa hannun rigarki faɗi, saboda ɗaga takardar shaida."

"Baban Christy, bari wasa. An samu matsala."

Ya dubi fuskarta, ya kashe famfon. Ta gaya masa a tsaye. Bai gane rabin abin ba, amma ya gane Juma'a. Ya karɓi jakar ya kai mata har bakin titi, ya tsayar mata da keke.

Vicky na cin gyaɗa lokacin da ta shiga. Ta ji labari, ta karkaɗe hannu, ta ja kujera gaban kwamfuta. "Zauna, Yaya Damaris. Ba dai intanet ba ne? Yanzu za mu kama shi."

Adireshin da ke cikin kundin ya ƙi buɗewa. Sai da suka nemo rumbun da sunansa suka ga an sake masa fasali gaba ɗaya. Ga jerin wasanni nan sun fi ɗari. Vicky ta danna na farko cikin shidan, sai ya nuna ƙofofi uku: bugun farko, bugu na biyu, da wanda wani edita na zamani ya gyara.

"Wanne kika fitar mini?" in ji Damaris.

"Haba Yaya, shekara shida fa. Wanda ya fara buɗewa, ina jin."

Suka shiga na zamanin. A nan Damaris ta ga abin da ba ta taɓa gani ba. A gefen dama na kowane layi na biyar akwai 'yar lamba, siririya, mai ruwan toka. A ƙasan shafin kuma ga wani ɗan akwati da ke cewa ga yadda za a ambaci wannan aiki: sunan edita, wane bugu ne, da ranar da mutum ya shiga. Komai a shirye, sai dai a kwafa.

Ta zaro takardarta ta kara kusa da gilashin. A tata, layi ɗaya na rumbun ya karye ya zama biyu, wani wuri uku, saboda girman haruffa. Gefen dama kuwa fari fat, sai alamun fensirinta.

"Vicky, ina lambobin nan suka tafi?"

Vicky ta dubi takardar, ta dubi kwamfutar. Ta sa hannu ta rufe baki.

"Yesu na. Ni na cire su."

"Kika cire?"

"Na kwafo rubutun ne don in ƙara miki girmansa, kin ce idonki. Sai lambobin suka riƙa faɗowa tsakiyar magana, suna ɓata shafi. Na zauna na goge su ɗaya bayan ɗaya. Kwana biyu na yi a kai, Yaya. Na ɗauka gyara nake miki."

Damaris ta ajiye takardar a kan tebur. Ta tuna ranar da ta zo karɓar takardun, yadda ta rungume Vicky tana cewa ba ta taɓa ganin aiki mai tsabta haka ba. Wa za ta yi wa faɗa? Ta cire tabarau ta goge da bakin zani, ta mayar.

"Mu fara," ta ce.

Vicky ta juya allon ƙofa alamar an rufe, ta sallami masu jiran a yi musu hoton takardu. Damaris na karanto magana daga kundi, Vicky na bugawa a akwatin nema. Wata ta fito nan take. Wata ta ƙi, sai sun shiga ƙofa ta biyu, ko ta uku, domin abin da 'yar aiki ta faɗa a wannan bugu, a wancan an ba wa wani ko an yanke shi. A hankali suka gano cewa ba daga ƙofa guda Vicky ta kwaso wasannin ba, kowanne da inda ta samo shi. Kafin a rufe kasuwa sun gyara goma sha ɗaya.

Laraba Damaris ta nemi izini a makaranta. Da azahar aka ɗauke wuta, janareta ya yi tari sau uku ya mutu, sai da Ayuba ya zo da kayan aikinsa ya tayar da shi. Ya tsaya bayan kujerarsu yana kallon gilashin.

"Wai duk wannan Turancin, ba wanda ya yi shi sau ɗaya ya huta?"

Suka ci gaba da aikinsu. Ya fita ya dawo da masara gasasshiya ya ajiye musu. Masarar ta huce a wurin.

Ranar Alhamis suka iso kan maganar da Damaris ta fi so, wadda ta gina babi na huɗu kacokan a kanta. Wata tsohuwar 'yar aiki ce ke gaya wa uwar ɗakinta cewa shekara ashirin tana hawa bene da ruwan wanka, ba a taɓa kiranta da sunanta ba sai ranar da cokali ya ɓace. Suka nema a na zamani, babu. Bugun farko, babu. Damaris ta sake duba kundinta. Ta fara tambayar kanta ko da gaske ta karanta wannan magana, ko kuwa zama da matan nan ne ya sa ta ji ta a kanta. Sai da suka shafe awa biyu suna bin bugu na biyu layi layi, sannan Vicky ta doki tebur.

"Ga ta! Ga tsohuwar nan, Yaya!"

Tana nan, a layi na dubu ɗaya da ɗari takwas da arba'in. A kundi an rubuta dubu biyu da ɗari uku da biyar. Damaris ta taɓa gilashin da yatsa, ta karanta a fili har ƙarshe. Sannan ta ɗaga kai ta dubi agogon bango. Ƙarfe huɗu da rabi. Sun gyara sittin da takwas.

Vicky ma ta dubi agogon. Ta matso da kujerarta, ta rage murya duk da ba kowa a shagon.

"Ji nan. Na lura lambobinki kullum sun ɗara na gaskiya da kamar kashi ɗaya cikin huɗu. Mu rage sauran haka kawai, mu buga. Wa zai zauna ya bi ɗari biyu? Abeg, Yaya, shekara bakwai fa."

Damaris ta dubi kundin. Ta ga kanta a gaban coci cikin sabuwar riga mai faffaɗan hannu. Ta ga 'yarta Christy na ɗaukar hoto. Hannunta har ya kai kan fensir.

"Mutumin nan ya ce ƙirƙira na yi," ta ce a hankali. "Yau in na tsaya gabansa, zan iya cewa ban yi ba. In na bi taki, gobe ba zan iya ba."

"In bai duba ba fa?"

"Ni na duba ai."

Vicky ta share ido da bayan hannu, ta juya ga kwamfuta. Suka ƙara tara kafin rana ta faɗi, da asubar Juma'a kuma shida.

Ƙarfe goma sha ɗaya Damaris na ofishin Dokta Zakariyya'u da kundi a hannu da jakar takardu a ƙafa. Ta zazzage masa su a tebur. Ya ɗauki guda, ya bi alamun fensirin da ido, biyar, goma, goma sha biyar, har ƙasan shafi. Ya ɗauki wata. Ya cire hularsa ya ajiye.

"Da hannu kika ƙirga duk wannan?"

"Da hannu, ranka ya daɗe."

"Nawa kika gyara?"

"Tamanin da uku."

Ya kwashi kundin da 'yan takardu ya shiga wurin taron. Ta zauna a benci a waje, tana jin muryoyi ba ta jin magana. Da ya fito, tun daga tafiyarsa ta gane.

"Sun yarda ba ki ƙirƙira ba, za a cire wannan kalma daga fayil ɗinki. Amma kundin bai cika ba, kuma ba su da ikon ƙara miki ko mako guda. In kina so, ki sake neman shiga daga farko."

Ta yi masa godiya. Ita kanta ta yi mamakin yadda ta durƙusa ta yi godiyar kamar kullum. A cikin bas, suna hawa gadar kogi, ta tuna ta bar jakar takardun a ofishinsa. Ba ta ce a tsaya ba.

Ayuba bai tambaye ta komai ba da ta shigo. Ya dubi hannunta, ya ga ba jaka, ya shiga ɗaki. Ta ji shi yana waya da tela a hankali, yana cewa a dakata tukuna.

Ran Lahadi ta zauna a layin zumuntar mata, Vicky na can ƙarshen benci ta kasa haɗa ido da ita. Fasto ya hau, ya gyara makirufo, ya kira sura da aya. Cocin ya cika da ƙarar takardu, manya da ƙanana, kowa na tafiya wuri guda. Damaris ta riƙe nata littafin a rufe bisa cinya. Matar da ke kusa da ita ta zaci tabarau ta manta, ta miƙo nata a buɗe, ta ɗora yatsa a kan ayar.

"Ga shi nan, Malama," ta raɗa mata.

Damaris ta gyaɗa kai, ta dubi inda yatsan yake. Ba ta ga komai ba sai 'yar lambar da ke gefe.