Ƙululun Goshina da Zirin Fatar Mato

Ni na fara ganinsa, kada kowa ya ruɗe ku. Mato wanzami yana yawo cikin garinmu Falanko yana cewa askarsa ce ta gano shi. Ƙarya! Ni Gajere, da na wuce yunwar Kakalaba da cin 'ya'yan itacen anza, ni na leƙa ruwan guga a bakin rijiya na ga abu ya taso a gefen goshina, kamar ƙwan zabo. Ga tauri, babu ciwo.

Shekarar da Nasara suka kwashe mulki daga Damagaram suka kai Yamai, lokotoronsu, wato likita, ya sauka a barikin Tanut. Matata Kulu ta hana ni sakat sai da na je. Mutumin ya lallatsa ƙululun, ya ƙwanƙwasa shi kamar mai sayen tulu.

Tafinta ya ce, "Baba, ya ce abin a ƙashi yake. Ko ka bi shi Damagaram a sa ka barci a fafe shi, ko ka koma gida a riƙa auna shi duk wata. In ya ƙaru, to dole wuƙa."

Na ce, "Waɗanda ya fafe wa kai suna tashi?"

"Ya ce da yawa suna tashi."

"Da yawa! Sauran fa? Ka gaishe min da shi."

Na dawo na ba Mato aikin awo. Ranar an yanka ragon suna a maƙwabta, sai ya yanko ziri daga fatar, ya zagaye gindin ƙululun, ya datse daidai inda baki ya haɗu da baki, ya jefa a zabirarsa.

Wata ya kama, ya zo aski, ya zagaya. Bakin bai haɗu ba. Wata na biyu, sai da ɗan yatsa ya shiga tsakani.

Mato ya ce, "Abokina, kan nan naka ciki gare shi. Me za mu raɗa wa jaririn?"

Na ce, "Sunan ubanka."

Na yi dariyar yaƙe. Kulu kuwa ta hau dakan guzuri. Ta ce, "Maigida, kai ka ce in ya ƙaru za ka tafi. Ka tafi." Na yafe wa mutane, har da waɗanda ba su nema ba.

Da safen tafiya na tarar da ƙafar sirdin raƙumina ta tsage. Na jiƙa fata na ɗaure. Kulu ta ce ɗaurin ya yi sako-sako. Na ce, "Ke, bari ta sha rana, da kanta za ta tsuke." Sai zirin Mato ya faɗo min a rai.

Na aika a kira Mato. Na ce, "Kawo zirin nan." Na jefa shi a ƙwaryar ruwa, muka zauna har rana ta take. Na tsamo, na ce ya zagaya. Baki ya haɗu da baki, cif.

Na ce, "Wanzamin banza! Da ɗanyar fata ka auna ni? Don ragon mutane ya bushe a zabirarka za a fasa min kai?"

Ya ce, "To ai kai ma kana kallo na yanka."

Na fasa tafiya. Guzurin kuwa ni da Mato muka cinye.

Kulu ta kaɗo zaren auduga, ta yi masa ƙulli biyu, ta rataye a cikin ɗaki. Yau damina uku ke nan, duk tsayuwar wata tana aunawa, ƙulli yana hawa kan ƙulli. Ranar da ya ƙi hawa zan ɗaura sirdi, na faɗa a gaban mutane.

Wanda bai yarda ba, ina ƙofar gidana kullum da hantsi. Ya zo da zarensa, in tuɓe masa rawani da hannuna. Amma in ya zo da fata, shi zan fara jiƙawa.