Ranar da Oga Ya Yi wa Auta Tsawa

Da Auta ta gama makarantar koyon sana'a, malamarta ta samo mata gurbin gwaji na wata ɗaya a wani shagon gyaran waya. In mai shagon ya gamsu, ya ɗauke ta aiki. In bai gamsu ba, ta koma gida gaban talabijin tare da Inna, wadda dama ba ta ga abin da yarinya mai keken guragu za ta fita nema a titi ba.

Mai shagon, wanda kowa ke kira Oga, ya karɓe ta hannu bibbiyu. Ya sa aka zuba siminti a bakin ƙofa don keken ya riƙa hawa, ya kira mai hoto, aka ɗauke shi yana murmushi irin na wanda ya gina asibiti. Daga nan ya ajiye ta ƙarƙashin fanka, ya sa aka kawo mata shayi. Aikinta ke nan. Duk lokacin da ta kai hannu kan sukudireba sai ya ce, "A'a, 'yata, kar ki wahalar da kanki. Dogo, karɓi wayar nan."

Dogo shi ne babban ma'aikacin shagon, shi ne kuma ya fi kowa shan zagi. Da safe Oga ya kira shi jaki, da rana sakarai, da yamma ya miƙa masa makullin shago.

"Auta, in gaya miki gaskiya?" in ji Dogo wata rana. "Ba za a riƙe ki ba."

"Me na yi?"

"Ai matsalar ke nan, ba ki yi komai ba. Mutumin nan, wanda zai riƙe shi yake yi wa tsawa. Wanda yake lallaɓawa baƙo ne. An taɓa kawo ɗan abokinsa, ya sha sannu-sannu wata guda, aka sallame shi da addu'a da kwalin biskit."

Auta ta shiga neman tsawa ido rufe. Ta makara da gangan, Oga ya zagi masu gyaran titi. Ta ture kofin shayi a kan tebur, ya zagi Dogo don ya ajiye tebur a wurin, teburin da ya riga Dogo zuwa shagon. Ta fara ganin kwalin biskit a mafarki.

A makon ƙarshe Oga ya fita sayo kaya, Dogo ya tafi cin abinci, sai ga wata dattijuwa da waya, gilashin ya yi raga-raga. Auta ba ta jira kowa ba. Ta kwance wayar, ta sa sabon gilashi cike da murna. Dattijuwar ta tafi tana sa albarka.

Da yamma ta dawo ba albarka. Ashe surukar Oga ce. Gilashi dai fes, amma in ta kira mutum ita tana jinsa, shi ba ya jinta. Ta daɗe tana zazzaga wa 'yarta faɗa kafin ta gane duk a banza ya tafi, ga shi faɗan ba mai maimaituwa ba ne.

Oga ya buɗe wayar, ya ga ba a mayar da 'yar igiyar makirufo ba.

"Wane sakarai ne ya rufe waya bai gwada ba? Dogo! Ƙwaƙwalwa ce a kanka ko auduga?"

"Wallahi ba ni ba ne, Oga."

"Ni ce," in ji Auta.

Nan take muryar Oga ta yi laushi. "To, ai kuskure, 'yata, kowa yana..."

"Oga, ba ka gama ba. A auduga ka tsaya," in ji Auta.

Surukar ta buga sanda a ƙasa. "Kai, yi mata faɗa mana! Da ƙafa ta gyara wayar? Ba da hannu ba?"

Oga ya fara a hankali kamar mai taka ruwan sanyi, sannan bakin ya tuna aikinsa. "Me aka koya miki a makarantar? Ana rufe waya ba a kira an ji ba? Sakarcin banza! Dogo, kawar da kujerarka, ta matso nan. Ungo sukudireba, gyara ina kallo. Ga waɗannan ma suna jiranki. Wata mai zuwa kuwa ki makara ki gani, ke da keken naki!"

Da Auta ta koma gida ta ba da labari, Inna ta zari mayafi za ta je ta ga wanda ya isa ya zagar mata 'ya.

"Inna, zauna, don Allah. An ɗauke ni."

"Ya ce miki sakarai, kina dariya?"

"Har da auduga a ka, Inna," in ji Auta. "Ki tashe ni da wuri gobe."