Kaskon Inna Ba Zai Shiga Mota Ba

Munkaila ɗan kasuwa ne a unguwar Ard al-Liwa, a Alƙahira. Ya sayi tsohuwar bas, ya kwance kujerun baya, ya kafa gado, duk don ya kai mahaifiyarsa Iskandariyya ta ga teku kafin ta koma Maraɗi. Maganin gwiwa ya kawo Inna Hanifa Alƙahira, ba ta iya doguwar tafiya a zaune. Sai sanyin Janairu ya kama, ta ce ba inda za ta sai da kaskon garwashinta.

Garwashi a rufaffiyar mota kisa ne. Ɗan da ya biye wa uwarsa a kan wannan ba biyayya ya yi ba, sakarci ya yi. Munkaila ya san haka, amma bakinsa ya yi nauyi. Sai ya kai ta garejin Isam, Bahaushen Sudan mai gyaran motoci, don a faɗa mata abin da shi ya kasa.

Isam ya jawo daffaya biyu, wato abin ɗumama ɗaki.

"Hajja, wannan mai iskar gas ce, za ki ga wutarta, amma ita ma numfashinku za ta cinye. Wannan kuwa dizal take sha, hayaƙinta ta ƙarƙashin mota yake fita."

Inna ta taɓe baki. "Wutar da ba a gani? Kai makaniki ne ko boka?"

"Duka biyun, Hajja, amma yau bokan yana hutu."

Ya duƙufa ya ɗaura mai dizal ɗin, bai kunna ta ba sai la'asar. Inna ta ce a ba ta buta. Gwajin wuta ɗaya ne a wurinta: ƙafa bayan alwala. Ta yi alwala da ruwan famfo mai sanyin ƙanƙara, aka tallafe ta ta hau motar, ta miƙe jiƙaƙƙun ƙafafu a bakin bututun da ɗumin ke fitowa. Munkaila ya tsaya a ƙofa yana kallo.

Iska mai ɗumi ta shige ƙasan zanenta, ta kumbura shi tim. Inna ta dafe shi da hannu biyu, ta fashe da dariya har da hawaye.

"Hajja, sauko a ɗaure sauran ƙusoshin," in ji Isam.

"Ɗaure su ina ciki, ɗan nan. Ba na sauka sai bakin teku."