Labarin da na riƙe a bakina

A ƙauyenmu, sau ɗaya a shekara ake rera sunan Hari, abin bautarmu, yini da kwana ba a yankewa. Mai bayarwa ba ya yin shiru sai wani ya karɓi baitin daga bakinsa. Wanda kuma labarin mutuwar ɗan gidansu ya shiga kunnensa, ya ƙazantu ke nan, dole ya ajiye waƙa nan take.

Da rana tsaka Sulochana, matar yayana Banamali, ta cika a hannuna. Ta daɗe tana jinya, ita ce ma ta kore shi da safe.

"Tafi ka yi waƙarka, tsoho. Zamanka a kaina ba magani ba ne."

Na taho rumfar da ake waƙar da gudu, ko takalmi babu. Yaya yana tsakiyar rumfar da ƴan kugensa na tagulla, yana bayarwa ana amsawa. Mutanen ƙetaren kogi da za su karɓe shi ba su iso ba, kogi ya cika. Cikin masu amshi kuwa babu mai iya jan baiti, bakin cin shinkafa kawai gare su.

Dinabandhu mai kula da rumfar ya tare ni.

"Kuntala, ki yi wa girman Hari, ki bari su iso kafin ki faɗa masa. Shekara arba'in waƙar nan ba ta taɓa yankewa ba."

Na ji kamar in mare shi. Amma na tuna Sulochana, wadda daga kan tabarmarta take bin waƙar nan da leɓe. Sai na tsaya jikin ginshiƙi na rufe bakina da gefen zane.

Yaya ya ɗago ya gan ni, ya dubi ƙafafuna. Muryarsa ta girgiza sau ɗaya. Ya runtse ido ya ci gaba, hawaye na bin gemunsa. Ban taɓa jin tausayin mutum kamar ranar ba.

Sai wajen la'asar kwale-kwalen ya iso. Jagoransu ya durƙusa ya taɓa ƙafar Yaya don girmamawa, ya shiga baitin tare da shi har muryoyin suka haɗu. Sannan Yaya ya miƙa masa kugen da hannu biyu, ya fito waje inda nake.

"To, ƙanwata," ya ce, muryar duk ta dushe. "Yanzu faɗa mini."