Gashin Fiffike Bakwai

Mujiyar ta faɗo hannun Hammadu ne wata safiya da ya je ɗaga raga a bakin tafki, kudu da Yelwa. Ƙatuwa ce, ja, irin masu cin kifi, zaren ragar ya yanke ta a ƙafa. Wani masuncin da sanda ɗaya zai gama da ita. Shi kuwa tsohon ya naɗe ta a rigarsa ya kai gida.

Shekara biyu ke nan da rasuwar matarsa Halimatu, 'ya'ya duk sun watse birane. Maƙwabta dama ba leƙo shi suke ba, sai ga shi sun samu hujja: wai gidan da mujiya ke kuka ba ya rasa makoki. Ko a jikinsa. Kullum da la'asar yakan yanka mata ƙananan kifi, ya zauna yana ba ta labarin ruwa, tana zare masa ido. Ya ƙaunace ta ƙwarai.

Da labari ya bazu, sai Elijah, ma'aikacin gandun daji, ya zo a babur. Ya duba ƙafar, ta warke sarai.

"Baba, ka yi ƙoƙari," in ji shi. "Amma doka ta hana a kashe irinta, ko a sayar, ko a tsare ta a gida. Ran Juma'a mu sake ta."

Hammadu bai tsaya jin a ina ba, ya shige ɗaki. Ran Alhamis ya ɗauko almakashin Halimatu, wanda take rage wa zabbinta fiffike da shi don kada su yi nisa, ya datse dogayen gashi bakwai na dama. Dabararsa ke nan: abin da ba ya tashi ai ba a saki.

Elijah ya buɗe fiffiken ran Juma'a, ya ga inda aka datse.

"Baba, mi ka yi haka?"

"Na zabbi tsirowa shikai," Hammadu ya ce, kansa a ƙasa. "Ka bar min ita har shi tsiro."

"Wanga sai ta sake gashi, shekara ko fiye. Dole in kai ta wurin kiwonmu, can ƙetaren madatsar ruwa, a can za a sake ta." Ya nuna tsibirin da ke daura da gidan, mai manyan itatuwa. "Nan hwa niy yi niyyar sakinta. Da kullum kana jin kukanta daga tabarmarka."

Aka sa ta a kwali, aka ɗaure a bayan babur. Hammadu ya bi su har bakin hanya, ya dawo. Da la'asar ya yanka kifi kamar kullum, sai da ya gama ya tuna. Ya tsince gashin nan bakwai a tsakar gida, ya zauna yana fuskantar tsibirin, har aka kira magariba bai ji komai ba sai ruwa.