Wayar Da Ba Ta Taɓa Shiga Ruwa Ba

…kuma ai ba ƙarya ta yi ba. Ba ƙarya ba ce kai tsaye. Nan Zinariya take ta komawa tun bayan azahar, tana zaune kan tabarma a ɗakinta na unguwar New Bell, kwalaben turaren wutan da take sayarwa jere a gabanta, wayar kuma a kan cinyarta. Ko kallonta ba ta son yi.

Tambayar da Faransanci aka rubuta ta. Fauziya ce ta karanta mata, 'yarta ta fari, ranar da ta zo wuni daga Bépanda. Masu sayen tsofaffin wayoyi ne a intanet: ka amsa tambayoyinsu, su faɗa maka farashi, ka kai musu wayar ofishinsu na Akwa, mai dubawa ya buɗe ya gani, sannan su biya. Ita dai so take ta sauya zuwa mai ɗaukar hoto da kyau, don matan yanzu da hoto suke sayen turare, abin da hanci ya kamata ya zaɓa.

"Mama, sun ce ta taɓa shiga ruwa?"

Shiga. Kalmar da Fauziya ta faɗa ke nan. To wayar ta shiga ruwa? Ina! Tana ajiye a ƙasa abinta tana caji gefen katifa, ruwan Agusta ya cika kwata, ya biyo ta ƙarƙashin ƙofa, baƙi ƙirin, da ledoji da ɓawon ayaba. Ruwa ne ya shigo. Ita wayar ba ta je ko'ina ba. Saboda haka ta ce a danna a'a, kuma… kuma ta san lokacin da take faɗa idonta yana kan kasko, ba kan Fauziya ba.

Sefa dubu tamanin da biyar, in ji su. Har ta yi wa bensikin, ɗan acaɓan da ya kai ta Akwa, kyautar canji.

Kwana biyu sai ga saƙo a ƙaramar wayar da Fauziya ta ara mata. Dubu arba'in. Kalma ɗaya tal a wajen dalili, humidité, wato lema. A ƙasa kuma sunan wanda ya duba — Jibirilla. Jibirilla ɗan Rabi. Rabin da suka taso tare a layin bayan masallaci, wadda ta zauna da ita kwana arba'in cur lokacin takabarta, tana dafa mata abinci, tana kore mata masu surutu. Da wani baƙo ne ya duba da ta haɗiye. Amma ɗan gida? Ɗan da ta goya a bayanta, ya yi mata fitsari a zani ba sau ɗaya ba?

Minti huɗu da daƙiƙa goma sha ɗaya. Tsawon saƙon muryar da ta tura ke nan. Ba ga Rabi ba, ba gare shi ba, a'a, cikin guruf ɗin matan unguwa ta watsa shi, wanda ake sanar da suna da rasuwa, mata ɗari da sittin da uku. Kai, baki! Me ba ta faɗa ba? Ta ce yaran yanzu in sun sa rigar kamfani sai su manta nonon da suka sha. Ta ce shi zai karya farashin ya zagaya ta baya ya saye wa kansa. Ta ce ɓarawo. Ta faɗa da bakinta, har sau biyu, na biyun ma ta ja shi. Sannan ta rufe da wallahi tallahi wayar nan ba ta taɓa shiga ruwa ba.

Ba ta tsaya nan ba, ina ma ta tsaya. Ta sa Fauziya ta rubuta ƙorafi a shafinsu da sunansa cikakke. Ta aika aka karɓo mata wayarta. Jiya maigidan Jibirilla a wurin aiki ya ce masa ya zauna a gida tukuna har a bincika. Magidanci mai 'ya'ya biyu, matarsa da tsohon ciki — a gida, da rana tsaka, mutane suna wucewa suna leƙe.

Yau da hantsi saƙonsa ya shigo, ita kaɗai ya turo wa. Ta saurara sau… ba ta san sau nawa ba. Ya gaishe ta tukuna, ya tambayi jiki, ya tambayi kasuwa, kamar ba abin da ya faru.

"Mama, da na kwance bayanta ƙanshin ɗakinki ne ya fito. Hayaƙi ya yi baƙi a ciki, ƙarƙashinsa tsatsa. Na gane a kan kasko aka busar da ita. Ban rubuta wannan ba, lema kawai na rubuta. Ki yi haƙuri."

Ki yi haƙuri. Shi ne ma yake ba ta haƙuri.

Kasko. Ga shi can a lungu, toka ta yi fari. Ranar ruwan ta tsamo wayar tana ɗiga, ta goge da gefen mayafi. Wasu cewa suke a binne a shinkafa, amma shinkafar ma ta jiƙe. Sai ta hura gawayi, ta kifa kwandon da take turara kaya, ta ɗora wayar a kai. Hannu kuma ya saba — wa zai hura kasko ya bar shi haka nan? Ta barbaɗa haɗinta. Sandal da hawi da farce, da ɗan abin nan da ba ta faɗa wa kowa. Kwana uku tana turara waya kamar amarya. Rana ta huɗu ta kunnu, ta yi hamdala, ta ce magana ta wuce.

Shi kuwa a cikin ƙanshin nan ya girma. Ko a cikin mutum dubu zai gane shi. Ya zauna can a Akwa cikin sanyin na'ura, tsakanin abokan aikin da ba su san hawi ba balle farce, ya buɗe waya, sai ga ɗakin Mama Zinariya… Me ya ji? Dariya ya yi? Ko waigawa ya yi ya ga ko wani ya shaƙa? Da ya rubuta gaskiya duka, da yanzu ana ta labarin tsohuwar da ta gasa waya. Ya rufa mata asiri da kalma ɗaya. Ita ta tona masa wanda bai da shi da minti huɗu.

Kunya take ji. Kunya irin mai sa mutum zufa ana ruwa.

A goge saƙon? Mata casa'in da bakwai sun riga sun ji, an tura Bonabéri, an tura Garwa. A karɓi arba'in ɗin a yi shiru? To shi fa, wa zai mayar da shi aiki? A ce Fauziya ce ba ta fassara daidai ba… a'uzubillahi. Daga ɗan Rabi kuma ta koma kan nata? Rantsuwar fa? Malamar Islamiyya ta taɓa cewa wanda ya rantse kan abin da ya san ba haka ba ne, ko kaffara ba ta ɗauke masa, sai tuba. Ba ta shiga ba, shigowa ya yi — wannan za ta je ta faɗa ranar da ake tambaya? Ko ita kanta ta daina jin daɗinsa a baki.

Kuma ga kwalaben nan. Shekara ashirin da biyu da magana ɗaya take cin abinci: na Zinariya ba algus. Mata suna aiko kuɗi tun daga Yawunde ba su shinshina ba, don in ta ce sandal ne to sandal ne. In ta buɗe baki yau ta ce na yi ƙarya a kan waya, gobe wata za ta ɗaga kwalba a haske ta ce, to wannan fa? Za su ce. Ta san su, ita ma da za ta ce.

Rabi ba ta ce uffan ba. Kwana uku. Ta saurara, alamar ta nuna, amma ba ta amsa ba, ba ta kira ba, ba ta aiko ba. Da zagi ta yi da ya fi sauƙi. Jiya da la'asar sun haɗa ido a bakin famfo, Rabi ta ce sannu, ta gyara lulluɓi, ta wuce. Sannu kawai. Shekara hamsin, sannu.

Ruwa ya fara sauka kan kwano. Ta ɗaga wayar zuwa hancinta, ba ta san me ya sa ba. Ta wajen ramin caji… yana nan. Kaɗan, amma nata ne.

Ta buɗe guruf. Ta ɗora babban yatsa kan alamar naɗa, ja ya kunnu, lamba ta fara tafiya. Ɗaya, biyu. Assalamu alaikum, 'yan'uwa. Bakwai. Takwas. Daga ina ake farawa? Daga ruwa? Daga kasko? Daga ɓarawo? Goma sha biyar, ba abin da ke shiga sai ƙarar kwano. Kuma yanzu duk wadda ta buɗe tana gani a rubuce cewa Zinariya tana naɗar murya, suna jira, wataƙila sun ɗauka zagaye na biyu ne.

Sai ga wani suna ya bayyana kusa da nata. Rabi. Rabi ma tana naɗa. Ya ɓace. Ya dawo. Ya sake ɓacewa.

Me za ta ce? Ɗanta ya faɗa mata? In Rabi ta riga ta, shi ke nan, ba tuba ba ne kuma, kamu ne. In kuma ya ɓoye wa uwarsa ma…

Talatin da huɗu. Talatin da biyar. In ta ɗaga yatsan saƙon zai tafi haka, sallama da shiru da ruwa. In ta ja gefe zai goge. Sunan Rabi ya sake dawowa, wannan karon bai ɓace ba.

"Ruwa…" in ji Zinariya, muryar ba kamar tata ba. "Ta shiga ruwa."

Arba'in da ɗaya. Arba'in da biyu. Har yanzu ba ta ɗaga yatsan ba.